Wa zai biya kuɗin gyaran iskar birni?

Maman Khalil
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a ina neman shawararku, kuma magana ce da ta hana ni barci, don a kan ɗana take. Khalil shekararsa bakwai, asma gare shi tun yana ɗan shekara uku. Gidanmu a bakin babban titi yake, hawa na farko, ga danja daidai ƙarƙashin tagar ɗakinsa. Tun bakwai na safe motoci ke jeruwa a wurin, injuna na ruri, har wajen tara da rabi. Duk Asabar nakan sa farin ƙyalle in goge bakin tagar. Baƙi ƙirin yake fitowa, da ɗan maiƙo-maiƙo, ba irin ƙurar da mutum ya saba sharewa ba. Makon jiya na tsaya da ƙyallen a hannu ina kallo, na ce a raina wannan fa abin da ya sauka a kan katako ke nan cikin kwana bakwai, to ina ga ƙirjin yaron da yake kwana a ɗakin?

Yanzu majalisar birninmu ta fitar da daftarin shirinta na rage gurɓatar iska, ta ce kowa ya faɗi ra'ayinsa kafin ƙarshen wata. Na karanta shi kaf. Suna so su shata tsakiyar gari, duk tsohuwar motar da ta shiga ta biya kuɗi kullum. Za su riƙa rufe titunan ƙofar makarantun firamare lokacin kai yara da ɗauko su, su sauya bas-bas zuwa masu lantarki, su ƙara hanyoyin keke, su dasa itatuwa. Zuciyata ta riga ta ce na'am, amma na san wanda ƙishirwa ta dama ba ya tsayawa duba ruwa. Shi ya sa nake so waɗanda suka san abin su gaya mini gaskiya: a biranen da aka yi irin wannan, iskar ta gyaru kuwa?

Kabiru Direba
Wa alaikumus salam Maman Khalil. Allah Ya ba Khalil lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni ma uba ne, ba zan raina kukanki ba. Amma bari in gaya miki yadda abin yake daga bayan sitiyari.

Kai kaya shaguna ne sana'ata, da motata ƙirar 2012 mai shan dizal. Da ita nake biyan haya, da ita nake ciyar da mutum biyar. Ki ɗauki Landan a matsayin misali. Can duk motar da ba ta cika sharaɗi ba tana biyan fam 12.50 a kowace ranar da aka tuƙa ta cikin yankin ULEZ, wato yankin da ake cajin motoci masu yawan hayaƙi. Idan mutum yana fita kwana shida a mako, fam 75 ke nan. A mako 50, fam 3,750. Mai hali kuwa ya sayi sabuwar mota mai girma kamar ɗaki, ya ratsa gaban kyamarar sau goma a rana, ko sisi ba zai biya ba. To wa aka hukunta? Wanda ba shi da kuɗin sauya mota. Kashin dankali ake mana, babba ya danne ƙarami, a ce da sunan lafiya ne.

Dakta Zainab
Malam Kabiru, zan dawo kan maganarka don akwai gaskiya a ciki, amma bari in fara amsa wa Maman Khalil abin da yake kan ƙyallenta.

Abu biyu muka fi tsoro a iskar birni. Na farko ƙura ce mai laushin gaske da ake kira PM2.5. Idan aka gwada ƙwararta ɗaya da silin gashi, gashin ya fi ta kauri kusan sau 30. Hanci ba ya iya tace ta, takan wuce har ƙasan huhu, mafi ƙanƙanta ma su shiga jini. Shi ya sa illarta ba ta tsaya a tari ba, har da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu. Na biyu iskar nitrojin dayoksaid, wadda injin dizal ya fi fitarwa a bakin titi. Ita ce ke kumbura hanyoyin numfashi, kuma masu asma sun fi kowa jin ta.

Yaro ya fi babba shan wahala, domin numfashinsa ya fi sauri, huhunsa bai gama ginuwa ba, kuma hancinsa ya fi kusa da bakin salansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2. A 2021 ta sake matse ma'auninta: PM2.5 daga maikurogiram 10 a kowace kubik mita ta dawo da shi 5, nitrojin dayoksaid daga 40 zuwa 10.

Abin da yake ƙarfafa mini gwiwa shi ne jiki yana amsawa idan aka gyara. An daɗe ana bin lafiyar yaran kudancin Kalifoniya a Amurka, kuma sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna yaran da suka taso bayan iskar yankin ta gyaru huhunsu ya fi na waɗanda suka gabace su girma da ƙarfi.

Maman Khalil
Dakta na gode. Wallahi wannan na ƙarshen shi nake son ji. Wato ba a makara ba.

Dakta Zainab
Ba a makara ba in sha Allahu. Kafin majalisa ta motsa, idan da hali ki mayar da gadonsa ɗakin da ba ya kallon titi, ki riƙa buɗe tagogin baya maimakon na gaba a lokacin cunkoso. Hanyar makaranta kuma ku riƙa bin lungu ko da ta fi tsawo kaɗan. Abin shaƙarsa kada ya rabu da jakarsa.

Alhaji Tanko
'Ya'yana, ku bar ni in ɗan koma baya, don tsoho ba ya rasa labari. A watan Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe Landan kwana biyar. Mutum ba ya ganin ƙafarsa a titi, har sai da kwandastoci suka riƙa tafiya a gaban bas da fitila. Da farko aka ce mutum 4,000 suka mutu, daga baya masana suka kai lissafin kusan 12,000. A 1956 aka yi dokar tsaftace iska, kuma abin lura a cikinta shi ne ƙananan hukumomi aka ba ikon ayyana unguwannin da ba a yarda da hayaƙi ba. Sannan ba hani kawai aka yi ba. An ba magidanta tallafin kuɗi su sauya murhunsu. Ka lura da wannan, Kabiru. Tun wancan zamanin an gane cewa idan za ka karɓe abu a hannun talaka, sai ka miƙa masa wani.

Kabiru Direba
Baba Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Ai abin da nake faɗa ke nan. A miƙo mini wani abu tukuna.

Injiniya Bashir
Malam Kabiru yana da wani hakki ma da bai ambata ba. A 2001 gwamnatin Birtaniya ta sauya harajin mota ta ɗora shi kan yawan kabon da mota ke fitarwa. Dizal ya fi fetur ƙarancin kabon a kowace kilomita, sai jama'a suka yi ta sayen motocin dizal suna ganin sun yi abin kirki. Sai a Satumban 2015 asirin Volkswagen ya tonu, aka gano sun sa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar da ke yaudarar na'urar gwaji. A ɗakin gwaji mota ta nuna tsafta, a kan titi ta yi ta aman hayaƙi. Daga baya aka ga motocin dizal na kamfanoni da yawa ma suna fitar da fiye da abin da ke rubuce. Don haka mutumin da ya sayi dizal a 2012 bai yi laifin komai ba, shawarar da aka ba shi ya bi.

Amma kuma kada mu ɗauka kansiloli ne suka tashi da safe suka ga dama. A Birtaniya tun dokar muhalli ta 1995 wajibi ne kowace ƙaramar hukuma ta riƙa auna iskarta. Inda ta wuce ƙa'ida, dole ta ayyana wurin, ta rubuta shirin gyara. Ya kamata a ce tun 2010 ƙasar ta sauko ƙasa da iyakar 40 ta nitrojin dayoksaid, ba ta sauko ba. Ƙungiyar lauyoyi ta ClientEarth ta kai gwamnati kotu ta yi nasara sau uku, a 2015 da 2016 da 2018. Gwamnatin tsakiya kuma ta juya ta ɗora wa birane nauyin. Daga nan birnin Bath ya fara nasa yankin cajin motoci masu hayaƙi a Maris 2021, Birmingham a 1 ga Yuni 2021, Bradford da Bristol a 2022.

Hauwa'u S.
Yaya Kabiru, ni ma ina da tambaya gare ka, kuma da girmamawa nake yi. Ka ce talaka ake dannewa. To su wa ke zaune a bakin manyan tituna? Mai kuɗi gidansa yana can ciki, da lambu da shiru. Gidajen haya masu araha su ne a bakin hanya, kuma da yawa daga cikin mazaunansu ko motar ma ba su da ita. Hayaƙin wasu suke sha.

Ka san labarin Ella Adoo-Kissi-Debrah? Yarinya ce 'yar shekara tara a Lewisham, kudancin Landan, gidansu dab da babban titin South Circular. Cikin shekara uku an kai ta asibiti kusan sau 30, ta rasu a Fabrairun 2013. Mahaifiyarta Rosamund ba ta haƙura ba, ta yi ta bin maganar shekara da shekaru, har a Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya kashe ta. Ita ce ta farko a Birtaniya da aka rubuta wa haka a takardar mutuwa. Uwar ta ce da wani ya gaya mata haɗarin titin, da ta tashi daga gidan. Duk lokacin da aka ce a dakata, a ƙara shekara biyu, irin su Ella ne suke biyan kuɗin jiran.

Kabiru Direba
Ƙanwata, na ji, kuma jikina ya yi sanyi. Allah Ya ba uwarta haƙuri. Ban ce a bar yara su mutu ba. Kuma kada ki manta ni ma a cikin hayaƙin nake wuni, sa'a tara a bayan salansar wani. Da yamma idan na fyace hanci baƙi nake gani. Abin da na ce shi ne kada a gyara kuskuren gwamnati da na kamfanoni daga aljihuna ni kaɗai.

Dakta Zainab
Wannan gaskiya ne, kuma mutane ba su sani ba. Sau da yawa wanda ke zaune cikin mota a cunkoso ya fi mai tafiya a gefen titi shaƙar hayaƙi, don fankar motar tana zuƙo na motar gabanta kai tsaye. Malam Kabiru, idan ka tsaya a cunkoso ka rufe gilashi ka danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota. Direbobi suna sahun gaba na waɗanda za su amfana da gyaran nan.

Abu Safiyya
Ni tsorona daban ne. Ina tsoron shirin da zai yi kyau a takarda, mutane su zagaye shi. A 1989 birnin Meziko ya kawo dokar da ta hana kowace mota fita rana ɗaya a mako, gwargwadon lambar ƙarshe ta faranti. Kowa ya yaba. Me ya faru? Masu hali suka sayi mota ta biyu mai wata lambar, kuma yawanci tsohuwa ce mai araha, wadda ta fi ta farkon hayaƙi. Wani masanin tattalin arziki, Lucas Davis, ya bi alƙaluman na'urorin birnin, a 2008 ya buga cewa bai ga alamar iskar ta gyaru saboda dokar ba. An gudu ba a tsira ba.

Haka Delhi ta gwada ranar masu lambar mara da ranar masu cika a Janairun 2016. A 2021 ma har hasumiya suka gina a Connaught Place, tsakiyar birnin, mai manyan fankoki wai ta tace iskar gari. Yaya za a yi ka tace sararin sama da fanka? Kuɗin da ya tafi can da bas aka saya da shi.

Injiniya Bashir
Abu Safiyya ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Bambancin yankin caji irin na Landan da dokar Meziko shi ne na Landan yana kallon injin motar, ba lambarta ba. Mai fetur sai ta kai matakin Yuro 4 na ma'aunin hayaƙin mota na Turai, wato galibi daga 2006 zuwa sama. Mai dizal sai Yuro 6, galibi daga ƙarshen 2015. Sayen tsohuwar mota ta biyu ba zai fitar da kai ba. An fara shi a tsakiyar birni ranar 8 ga Afrilu 2019, aka faɗaɗa a Oktoban 2021, sannan ya game dukan Landan a 29 ga Agusta 2023. A 2017 motocin da suka cika sharaɗi a tsakiyar birnin ba su kai rabi ba. Yanzu sun haura kashi 95 cikin 100 a faɗin birnin. Nitrojin dayoksaid ya sauka sosai a bakin tituna. Masana suna jayayya kan nawa ne rabon ULEZ a ciki, nawa ne na sauya bas da tasi da kuma tsufan motoci da dama za su fita daga hanya, amma saukar kam ta tabbata.

Sai dai faɗaɗawar 2023 ta zo da rigima. Majalisu biyar suka kai magajin gari Sadiq Khan kotu, suka sha kaye a watan Yuli. An yi ta lalata kyamarori. Dalilin a fili yake: a gefen birni jirgin ƙasa da bas ba su da yawa kamar tsakiya, mutum ba shi da zaɓi sai motarsa. Tallafin fam 2,000 da ake ba mai ƙaramar mota ya rabu da tsohuwarsa kuma sai ana saura 'yan kwanaki a fara aka buɗe shi ga kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malama Rabi
Ku ba ni dama in yi magana kan ƙofar makaranta, don nan ne nawa fagen. Shekara 14 ina koyarwa a firamare. Kafin a rufe titinmu, da ƙarfe uku saura kwata za ka ga motoci sun yi layi biyu, kowa ya bar injinsa a kunne yana danna waya, wasu tun minti ashirin kafin a tashi. Yara su fito da gudu su kutsa tsakanin motocin, kawunansu daidai tsayin salansa. Ni da nake tsaye a ƙofa sai in koma gida da ciwon kai. A aljihun teburina kuwa akwai abin shaƙa na yara shida, kowanne da suna a jiki.

Da aka zo da maganar rufe titin na minti 45 safe da yamma, iyaye suka tayar da ƙura. Wata uwa ta yi kuka a gabana, ta ce tana da jariri da mai shekara uku, yaya za ta yi? Aka zauna, aka ware wa masu lalura da mazauna layin izinin shiga, aka nemo wurin ajiye mota mai tafiyar minti biyar. Yau idan ka zo da safe muryar yara kake ji. Wata yarinya ta ce mini, Malama, ashe akwai tsuntsaye a bishiyar nan. Irin wannan tsari Edinbara ta gwada shi tun 2015, Hackney a Landan ta fara a 2017, kuma cikin duk abin da ke daftarinki, Maman Khalil, shi ne mafi arha da saurin aiwatarwa. Ba ya gyara iskar gari duka, amma yana gyara mita ɗari ɗin da yara ɗari huɗu ke tsayawa a kai kullum.

Maman Khalil
Malama Rabi, kin sa ni hawaye da maganar tsuntsayen nan. Amma ga abin da ya faɗo mini yanzu. Na sake duba taswirar daftarin. Layin da suka shata ya tsaya ne daidai titinmu, mu muna waje. To motocin da ba sa son biya, ba ta ƙofar gidana za su riƙa zagayawa ba? Kada ana kukan targaɗe a samu karaya.

Injiniya Bashir
Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci da aka yi yau, kuma ita za ki sa a sahun farko na takardarki. A wasu biranen titunan kan iyaka ma sun amfana, don motar da aka sauya saboda tsakiyar gari ita ce dai ke bin gefen gari. A wasu wuraren kuma, musamman inda aka toshe lungunan unguwa, wasu titunan kan iyaka sun ƙara cunkoso. Hanyar sani ɗaya ce, a auna kafin a fara, a auna bayan an fara.

Awon kuma ba tsada gare shi ba. Akwai ɗan bututun roba, tsawonsa kamar yatsa, ana ɗaure shi a jikin falwaya, ya yi wata guda yana tsotsar nitrojin dayoksaid, a cire a kai ɗakin gwaji a sa sabo. Majalisu da dama da shi suke aiki. Ki nemi a ɗaura ɗaya a gaban gidanku, kusa da danjar, tun yanzu. Ki kuma tambaye su inda babbar na'urarsu take. Idan a tsakiyar filin shaƙatawa aka girke ta, alƙaluman za su yi kyau, amma ba iskar da Khalil ke shaƙa suke faɗa ba. Sannan ki nemi su riƙa buga sakamakon kowane titi a fili, ba matsakaicin gari ba, domin matsakaici yana ɓoye unguwar da ta fi shan wuya.

Sadiya Umar
Ba wanda ya yi maganar itatuwa. Ni na ɗauka su ne maganin.

Injiniya Bashir
Suna da amfani, suna ba da inuwa, suna rage zafi. Amma a ƙuntataccen titi mai dogayen gine-gine hagu da dama, manyan itatuwa masu rufe sama kan iya tsare hayaƙin a ƙasa ya kasa tashi. Shingen shuke-shuke mai kauri tsakanin titi da filin wasan yara ya fi aiki a irin wannan wuri. Abin da ba na so shi ne majalisa ta ɗauki hoton kansila da shebur ta ce ta gama.

Alhaji Tanko
Kabiru, ga wasu misalai da za su yi maka daɗi, don ka san abin da za ka nema. Stockholm ta Suwidin ba ta fara da karɓar kuɗi ba. Tun Agustan 2005 ta zuba sababbin bas kusan 200, sannan a Janairun 2006 ta fara cajin motocin da ke shiga ko fita tsakiyar birnin a matsayin gwaji na wata bakwai. Motocin da ke ƙetara layin suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Aka dakatar, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Satumba, mutanen birnin suka ce a ci gaba. Kafin gwajin yawancinsu ba sa so. Gani ya kori ji.

Nottingham ta Ingila kuma ta bi wata hanyar. A 2012 ta sa haraji a kan manyan ma'aikatun da ke da wurin ajiye motocin ma'aikata 11 ko fiye, ta zuba kuɗin a faɗaɗa jirgin cikin gari da gyaran bas. Da lokacin tilas ya zo, a 2018 gwamnati ta amince da shirinta ba tare da yankin caji ba. Leeds ma ta shirya nata yankin, ta taimaka wa masu bas da tasi suka sauya motoci, kafin ranar farawa iskar ta sauko, a Oktoban 2020 aka soke cajin.

Abu Safiyya
Baba Alhaji, a ƙara da Manchester don kada a ce ɓangare ɗaya muka faɗa. Sun kafa alluna da kyamarori na yankin caji, saura 'yan watanni a fara, a Fabrairun 2022 aka dakatar saboda ihun masu ƙananan sana'o'i, waɗanda suka ce motocin da ake so su saya sun yi tsada bayan korona. Sai a Janairun 2025 aka amince da sabon shiri na zuba kuɗi a bas da tasi ba tare da caji ba. Shekara uku ke nan mutanen bakin titi suna jira. Da an saurari irin su Malam Kabiru tun farko da ba a yi wannan asarar ba.

Kabiru Direba
To ai kun gama mini magana. Ni da za a ce ga tallafi mai ma'ana, ga rance marar ruwa, ga wa'adin shekara ɗaya ko biyu ga mai mota ɗaya tak da yake ci da ita, wallahi da kaina zan kai tsohuwar a murƙushe. Wa ke son hayaƙi? Amma ina da sharaɗi ɗaya: duk kuɗin da aka tara a rubuta inda ya tafi. Idan na ga ya koma bas da gyaran hanya, zan haƙura.

Hauwa'u S.
A murƙushe ɗin nan da ka ce, Yaya, yana da muhimmanci. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kusan kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Idan birni ya kori tsohuwar mota aka loda ta a jirgin ruwa, yaron wani gari ne zai shaƙa.

Dakta Zainab
Ina so in ƙara abu ɗaya kafin in koma aiki, don kada mu rataya komai a wuyan salansa. Motar lantarki ba ta da salansa, amma tana da taya, kuma tayar da ke cin titi ƙura take zama. Ga ƙurar birki, ga ta wuraren gini, ga janareto, ga ƙona shara. A Ingila murhun itace na ɗumama ɗaki, wanda galibi don sha'awa ake sa shi, yana cikin manyan masu fitar da PM2.5, har daga Mayun 2021 aka hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri. Maman Khalil, ki duba ko daftarinku ya ce wani abu a kan waɗannan. Idan nitrojin dayoksaid kawai yake bi don ya tsallake doka, ya bar rabin aikin.

Kuma akwai abin da ya fi ƙarfin majalisar gari. Hayaƙin ƙona karan shinkafa a gonakin Punjab da Haryana yana rufe Delhi duk Oktoba da Nuwamba, iska ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba. Beijing ta sauko da PM2.5 daga kusan 89 a 2013 zuwa 33 a 2021, amma sai da gwamnatin ƙasa ta sa hannu aka rufe tashoshin kwal aka haɗa da lardunan kewaye. Can ma an yi kuskuren gaggawa, a hunturun 2017 aka cire wa wasu ƙauyukan Hebei, lardin da ke kewaye da Beijing, murhun kwal kafin gas ya iso, mutane suka kwana cikin sanyi.

Maman Khalil
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da biro tun ɗazu ina rubutawa. Zan ce musu ina goyon baya, amma a faɗaɗa layin ya haɗa da titinmu, ko a ɗaura bututun awo a danjarmu kafin a fara. Zan ce bas masu lantarkin a fara sa su a layukan da ke bin manyan titunan da mutane ke kwana a bakinsu. Titin makarantar su Khalil kuma kada a jira sauran shirin, a rufe shi daga zangon karatu mai zuwa. Zan tambaye su batun ƙurar gini da ƙona shara, don na duba, layi biyu kacal suka rubuta a kai.

Malam Kabiru, zan sa maganarka ma, ta tallafi da wa'adi da bayyana inda kuɗin ya tafi. Amma ni ban san harkar mota ba. Nawa ne tallafin da zai isa mai irin motarka ya sauya da gaske, kuma wata nawa yake bukata?

Kabiru Direba
Bari in sauke kayan da ke bayana, Hajiya. Zan tambayi abokan aikina biyu da suka riga suka sauya, in haɗa miki lissafin abin da suka kashe da abin da aka ba su a tsohuwar. Kafin isha'i za ki gan shi in sha Allahu. Ki gaishe mini da Khalil.